Tsohon Sa Tsakanin Maruƙa Biyu

Ranar Juma'ar da aka sace Jatau, ni da Mero muna gidan suna a unguwar gabas, muna cin shinkafar mutane muna kushe ta. Jatau sa ne, kada ku zaci mutum. Ja ne mai ɗan fari a goshi, san huɗar Mero, kuma cikin abin da marigayi mijinta ya bar mata shi kaɗai ke numfashi. Da hantsi ta ɗaure shi gindin ɗorawa a bakin gonarta. Da la'asar muka biya, turke na nan, igiya babu, sa babu.

Ni ce Shafa'atu ta Mabai. Aji biyu na yi a yaƙi da jahilci, na iya lambobi, na iya sunana, saura kuwa jikata ke gyara mini. Ana cewa na cika kwasar magana. To, ku bi ni, za ku ga ranar da kwasar maganar ta yi amfani.

Kafin magariba gari ya gama yanke hukunci: Ɗanliti ne.

Ɗanliti makiyayi ne, shekara talatin da kafa rugarshi a bayan gari. Shi sa guda gare shi na huɗa, Mero ma guda. To al'adarmu, masu sa ɗai-ɗai sukan haɗa, a sa su cikin karkiya guda, yau gonar wannan, gobe ta wancan. Damina bakwai suna haka. Shi ya sa mutane suka ce, wa Jatau zai bi ba gardama in ba wanda ya saba da shi ba?

A da can, in an zargi mutum da satar sa, zagi ne da tara. A shekarun nan da daji ya lalace kuwa, kalmar ɓarawon shanu ba ta tsaya a baki. Samari har sun fara taruwa da gorori. Mai gari ya tare su, ya ce a ba shi mako guda: ko Jatau ya fito kafin Juma'a mai zuwa, ko Ɗanliti ya kwashe iyalinshi ya bar Mabai. Kowa ya san don ya ceci ranshi ya faɗi haka. Kowa kuma ya san makiyayin da aka kora da wannan suna, ba garin da zai karɓe shi.

*

Da safe na je na taso Malam Gide.

Yaran yanzu ganin tsoho mai yana a ido guda suke mashi. Ba su san shi ne mai bin sawun ƙasar nan ba. Zamanin da mutum kan ratsa daji da 'yar gorar ruwa, ya kwana duk rugar da ya iske a ba shi nono, Gide ya bi sawun saniya daga Mabai har bayan Sabuwa a ƙasa, ya dawo da ita da ɓarawon suna hira. Ya taɓa nemana da aure ma. Babana ya ce ba ya ba da ɗiyarshi ga mutumin da kullum kanshi na duƙe. Gaskiya ne kuwa, duk zuwan da ya yi zance, ƙafata yake kallo.

“Shafa'atu, wa ya mutu?” in ji shi.

“Ba wanda ya mutu tukuna. Tashi, kafin awaki su tattake maka wurin.”

Ya zagaya turken sau biyu, ya tsuguna yana nishi. Ga kofaton Jatau, ga sawun takalmin roba irin na makiyaya. 'Yan kallo suka fara “Ai mun faɗa!” Gide ya miƙe. Muka bi sawun ta gefen fadama, shi gaba ni baya.

“Me ka gani?”

“Wanga takalmi ya fi mai shi girma. Gaban bai danna ƙasa ba, yatsu ba su kai can ba.”

“Sai kuma me?”

“Makiyayi gaba yake wucewa, sa ya biyo shi. Wanga a gefe yake rakuɓe, ya miƙe hannu, tsoron ƙaho yake. Kuma duba nan. Ya tsaya. Can ma ya tsaya. Duk 'yar tafiya sai ya huta, duk hutu sai ya tofar da goro.”

Sawun ya kai mu bakin kwalta ya mutu. Ga tayar akori-kura ta ja baya, ga inda aka tura sa ciki. Gide ya daɗe yana kallon kwaltar nan kamar ta zagi uwarshi.

“Tun da aka shimfiɗa wanga abu sana'ata ta ƙare,” ya ce.

*

Muka biya rugar Ɗanliti. Matarshi har ta fara sauke jinkar ɗaki guda, ta tara ƙore a gefe. Shi kuma yana zaune kusa da sanshi, wanda ke ta waige yana neman abokin karkiyarshi.

“Baba Gide, ko kai ma ka zo ganin ɓarawo?”

“Miƙo ƙafa.”

Ya auna ƙafar da kara, ya karya, ya sa aljihu. Tsawonta daidai da sawun takalmin nan, ke nan da shi ya sa shi, da yatsu sun danna ƙasa. Ya ce ya buɗe baki. Haƙora fari tas, mutumin ko ɗanɗana goro ba ya yi.

“Bar sauke jinkar nan,” in ji Gide.

“Baba, ka faɗa musu mana.”

“Na faɗa. Sun ce ido guda gare ni. Sai na kawo san za su ji.”

Daga nan muka shiga gidan Mero, muka tarar Malam Mani ya zo jaje. Malam Mani tsohon malamin dabbobi ne, ya yi ritaya, yanzu shi ne sakataren reshenmu na ƙungiyar manoma da makiyaya. Ƙungiyar nan ce ta kawo rajistar shanu shekara uku da suka wuce, saboda yawan sata. A shigar da dabba a kwamfuta, ta fito da lamba, a rubuta lambar kan 'yar farar roba a maƙala a kunne. Malam Mani ya koyi yi a wayarshi, kuma ba mai zama kusa da shi bai ga ya latsa ta ba.

Bari in tsegunta muku, ai ba zan iya wucewa ba. Ya nemi Mero tana budurwa ta ƙi shi. Ta fita takaba ya sake aiko da turmin atamfa, ta mayar.

“Jiya ina Ƙanƙara wajen ɗiyata, da safen nan na ji,” yake cewa, yana tari. “Na duba rajista, abin mamaki, Jatau ba ya ciki. Ƙila ranar ba a shigar da shi daidai ba. Amma kada ki damu da huɗa, Mero. Shanuna biyu na nan. Magana guda za ki yi.”

“Allah shi saka,” in ji Mero, tana kallon bango.

Ya ɓare goro ya miƙa wa Gide. Gide ya karɓa. Amma a Mabai tsofaffi masu tari da cin goro sun fi ashirin, har da ni, don haka ban kawo komi a raina ba.

*

Ni ba ni da ido irin na Gide, amma ina da waya da ƙannai mata a garuruwa uku. Ranar Litinin Bilki, wadda ke aure a Damari, ta kira ni. Bayan mun gama da zancen surukarta, ta ce wai an ga sabon jan sa mai fari a goshi a garken Alhaji Mas'udu, ba ya cin harawa, sai kuka.

Talata muka hau mota, ni da Gide da Mero. Hanyar da Gide kan bi a ƙasa ta daji, yanzu sai an zagaya ta Funtuwa da Ɗandume, direba na gudu, kowa na addu'a. Gide ya yi ta nuna mini wurare ta taga. Can akwai rijiya. Can akwai rugar wani da ya taɓa yanka mashi zabo. Duk babu kowa yanzu.

Alhaji Mas'udu dillalin shanu ne, kuma shi ke riƙe da reshen ƙungiya na Damari. Muna shiga garken, san nan ya ɗaga kai ya yi wani kuka, Mero ta fashe da nata.

“Jatau! Wallahi Jatau ne!”

“Hajiya, ja da farin goshi sun fi ɗari a ƙasar nan,” in ji Alhaji. “Ga lamba a kunne, ga takarda.”

Na karanta da kaina: 5315. Takarda ta ce san Alhaji Mas'udu ne, an yi mashi rajista shekara biyu da suka wuce.

“Ke ina taki lambar?” ya ce wa Mero.

Mero ba ta riƙe ba. Takardarta ɓera ya ci tun bara. Rajista kuma an ce ba ya ciki. Gide ya ɗaga kofaton san, ya shafa kunnen, ya sauke.

“Shi ne,” ya ce mini a hankali. “Amma in na ce kofato, za a ce takarda. Yanzu takarda ake ji.”

Muka dawo hannu biyu. Saura kwana uku.

*

Laraba muka tafi babban ofishin ƙungiya a Ƙanƙara, wajen Nana Aisha. Bazawara ce mai 'ya'ya uku, ita ke kula da kwamfutar, kuma ba ta da haƙuri da tsofaffi. Na kai mata ƙuli-ƙuli don bakinta ya yi laushi.

“Kaka, in ba ku da lamba me zan nema?”

“Ɗiyata,” in ji Gide, “fara gaya mini, wa ke ba da lambar nan?”

“Ba kowa, Baba. Duk dabbar da aka shigar, daga nan ne, ko Mairuwa, ko Damari, rumbu guda take faɗawa a intanet. Sunan mai ita, launi, kwanan wata, duk mu ke rubutawa, abin da ka ga dama. Lamba ce kaɗai ba mu da hannu a ciki. Na'urar ke bayarwa da kanta, ɗaya na bin ɗaya. Ba ta ba dabba biyu lamba guda, ba ta tsallake, ba ta komawa baya.”

Na ga Gide ya gyara zama.

“Ba ta komawa baya?”

“Ko kusa.”

“To ai sawu ne,” ya ce. “Wanda ya taka daga baya, nashi ke bisa. Shafa'atu, ranar da aka yi wa Jatau rajista, kina wurin?”

Ina wurin mana! Ina zan je? Ranar ce matar Bilya mai shayi ta zo da zanen aro, mai zanen kuma na tsaye a layi tana harararta. Na tuna sarai: saniyar Bilya, sai Mero da Jatau, sai Ɗanliti da nashi san a bayanta, yana riƙe mata igiya.

Nana Aisha ta latsa. Saniyar Bilya, 1206. San Ɗanliti, 1208.

“Ina bakwai?” in ji Gide.

Ta matso da fuskarta. Ƙuli-ƙulin ya tsaya mata a baki.

“Babu. Baba, na'ura ba ta tsallake lamba. Goge shi aka yi.”

“Wurin da aka share da tsintsiya ma sawu ne. Nemo mini na Damari.”

Ta nemo 5315, ga kwanan wata na shekara biyu baya.

“Bar kwanan watan. Wa ke gabanshi, wa ke bayanshi?”

Ta duba. 5311, maraƙi a Mairuwa. Sai 12, 13, 14, duk babu, an goge. Sai san Alhaji. Sai 5316, wani maraƙin a Mairuwa, gida guda da na farko. Duka biyun an rubuta musu Juma'ar da ta wuce.

Na tafa hannu na ce an gama. Gide ya ce ba a gama ba. In mai rubutu na iya rubuta ranar da ya so ga sa, Alhaji zai ce ranar maruƙan ce aka yi kuskure. Sai an ga maruƙan da ido.

“Wa ke iya shiga ya goge?” ya tambaya.

Nana Aisha ta sunkuyar da kai. Ashe kalmar sirri guda ce duk ƙungiya ke amfani da ita, don tsofaffi na mantuwa. Mutum huɗu suka san ta: ita, Malam Mani, Alhaji Mas'udu, da Shamsu mai reshen Mairuwa.

Ni dai nan take na ɗora wa Shamsu. Mutumin da ke sa tabarau baƙi a cikin ɗaki, kuma ya canja babur sau biyu a shekara, me kuke so in zata?

*

Da la'asar muna Mairuwa. Shamsu ya tarbe mu da tabaran nan nashi, ya kai mu gidan mai maruƙan. Tagwaye ne, ƙafafu kamar sillen kara, suna bin uwarsu suna tangaɗi. Gide ya tsuguna ya shafa cikin guda, ya kira ni.

“Taɓa nan.”

Cibiya ce, busassa, ko faɗuwa ba ta yi ba.

“Sa mai shekara biyu a rajista,” ya ce, “ya za a yi ya tsaya a layi tsakanin maruƙa biyu da cibiyarsu ba ta faɗi ba?”

Ya juya ga Shamsu. “Ranar Juma'a, yaya aka yi?”

“Baba, bayan la'asar na shigar da na farko, ta ba ni sha ɗaya. Aka kawo fura, na sha, na wanke hannu. Na shigar da na biyu sai na ga sha shida. Na ce kai, yau wani reshen na aiki.”

“In ka goge dabba, ka shigar da wata, takan ba ka lambar da ka goge?”

Shamsu ya yi dariya har ya cire tabarau. Ashe ido ne ke mashi ciwo, Allah na tuba.

“Haba Baba, wa zai zaci haka? Ranar farko aka koya mana. Lambar da ta fita ta fita.”

Muka hau mota ni da Gide, har muka wuce Sheme. Sai na ji ya yi ajiyar zuciya.

“Na san mai shi, Shafa'atu. Da ma ban sani ba.”

Na yi magiya, na yi fushi, na ce zan sauka. Bai faɗa ba. A rayuwata ban taɓa kwana da ƙaiƙayin kunne irin na ranar ba.

*

Alhamis da hantsi aka taru a zauren mai gari. Ya aika an zo da Alhaji Mas'udu da san, a kan cewa a gwada a wanke shi. Ga Shamsu, ga Nana Aisha da kwamfutarta a cinya, ga Malam Mani da babbar riga. Ɗanliti na rakuɓe bakin ƙofa, ba wanda ya matsa mashi tabarma. Samari sun cika waje. Mata ba sa shiga, amma ni na wuce shekarun da ake hana ni.

Gide ya sa Nana Aisha ta karanta lambobin da ƙarfi, ta faɗi yadda na'ura ke bayarwa. Shamsu ya ba da shaidar maruƙa da furarshi. Mai maruƙan ma an zo da shi, ya rantse ranar Alhamis ta makon jiya saniyarshi ta haihu.

“Ke nan,” in ji Gide, “san nan ranar Juma'a bayan la'asar aka shigar da shi. Ranar da Jatau ya ɓace. Alhaji?”

Zufa ta keto wa Alhaji Mas'udu. “Ni wallahi ban iya latsa abin nan ba. Yarona na kasuwa ke yi mini, shi kuma ya tafi Legas tun azumi.”

“Na yarda. Ranka ya daɗe, ga yadda na karanta sawun. Mai shi ya fara goge lambar Jatau, 1207. Ba don ɓoyewa kaɗai ba. So yake ya buɗe gurbi a can baya, ya shigar da san da sunan wani, na'ura ta mayar mashi da tsohuwar lamba, kowa ya ga tsohuwar rajista. Ya shigar, ta ba shi 5312. Ya goge, ya sake, ta ba shi sha uku. Ya sake, sha huɗu. Mutum ne ya tsaya wuri guda yana ta dire ƙafa, yana jiran abin da ba ya zuwa. A na huɗu ya gaji, ya bar ta, ya gyara kwanan wata kaɗai. Nana Aisha ba za ta yi haka ba. Shamsu ba zai yi ba. Sun san ba ta dawowa. Wanda zai yi, sai wanda hannunshi ya saba da wani irin littafi.”

Gide ya sassauta murya, kamar hira yake a gindin bishiya.

“Shekarar da ciwon bushiya ya shigo, an ce duk saniyar da ba ta cikin littafin allura ba ta shiga kasuwa. Ni ina daji bin sawu, shanun babana uku suka rasa ranar. Na dawo ina kuka. Wani malamin dabbobi, saurayi lokacin, ya ce in share hawaye. Ya yi musu allurar, ya buɗe babban littafin nan mai baƙin bango, ya nuna mini. A ƙasan kowane shafi yakan bar layi biyu fayau, don irin wannan rana. Ya cusa shanunmu a shafin makon da ya wuce. Ban manta alherin nan ba, shekara arba'in. Shi ya sa jiya ban yi barci ba.”

Ya ɗago kai.

“Mani, wanga littafin ba ya barin layi.”

Malam Mani ya buɗe baki, tari ya sarƙe shi. Alhaji Mas'udu, wanda ƙanwar Mani yake aure, ya ga jirgi na nutsewa, ya yi tsalle ya fita daga cikinshi.

“Ranka ya daɗe, shi ya kawo shi! Ya ce in riƙe mashi mako biyu, in an fara huɗa zai mayar. Ya ce ba sayarwa za a yi ba!”

Gide ya zaro karan nan daga aljihu, ya ajiye kusa da ƙafar Malam Mani. Karan ya zarce da kusan ɗan yatsa.

“Takalmin roba ka saya a Ƙanƙara, ba ka ko gwada ba.”

“Don kada ka gane nawa ne,” in ji Mani. “Ka san sawuna tun muna yara. Ba sata na yi niyya ba. Na ce in ruwa ya sauka ba ta da sa, za ta zo ƙofata ta ce, Malam, ara mini. Sau guda dai, ta nemi wani abu wurina.”

Daga bayan asabari muka ji muryar Mero.

“Da na yi noma da cokali!”

Samari suka kwashe da dariya, har mai gari ya rufe baki da hannun riga. Ni ma na dara, ba zan ɓoye ba. Amma dariyar ta yanke, don Ɗanliti ya miƙe.

“Malam Mani,” ya ce, “kwana shida kana wucewa ta bayan rugata zuwa gonarka. Ka ga matata na sauke ɗaki. Ka ga yara sun daina zuwa makaranta. Da samarin nan sun zo da wuta fa? Nan ma mako biyu za ka jira?”

Mani ya duƙar da kai. Samarin da ke waje ma kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

*

Mai gari ya karɓe sakatarci. Ya ce Mani ya tashi bayan sallar Juma'a ya faɗi abin da ya yi da bakinshi, sannan ya ɗora jinkar Ɗanliti da hannunshi, ba ɗan aike. Kwana uku yana yi, yana tari, yana hutawa, mu kuma muna wucewa ɗebo ruwan da ba mu da bukata. A rana ta biyu na ga Ɗanliti ya miƙa mashi ƙwaryar nono. Nana Aisha kuma ta ba kowane reshe kalmar sirrinshi, ta ce wanda ya manta ya sha rubutu.

Mero ta je ta ce a mayar wa Jatau lambarshi ta da.

“Inna, suna zan gyara, ya koma naki. Amma 1207 ta tafi.”

“Ba wanda za a ba?”

“Ba wanda za a ba. Haka gurbin zai zauna.”

Na leƙa na gani, 1206, sai 1208, tsakaninsu ba komi. Sai na tuna rijiyoyi da rugagen da Gide ya yi ta nuna mini ta tagar mota, da mijin Mero, da nawa. Na ce wa Nana Aisha na'urar nan tata ta fi mutane kunya, ita ko ba komi ba ta zaunar da wani a wurin wanda ya tafi.

Ruwa ya sauka daren Lahadi. Litinin da safe muka fita, ga Jatau da san Ɗanliti cikin karkiya guda a gonar Mero, kunnen wannan 5315, na wancan 1208, Ɗanliti na bayan garma yana musu waƙa da Fulatanci. Gide na tsaye kusa da ni, kanshi duƙe kamar kullum, yana karanta jiƙaƙƙiyar ƙasa.

“Malam Gide,” na ce, “shekara hamsin kana kallon ƙafata. Ko sau guda ba za ka ɗago ka ga mai ƙafar ba?”

Ya ɗago. Ya kalle ni da idon nan guda, ya daɗe.

“Shafa'atu,” ya ce, “ashe kin tsufa.”

Na ɗaga sandata, ya kauce. Ɗanliti ya yi dariya har garma ta karkace, kuma ita ce dariyarshi ta farko tun ranar suna. Kunyar da garmar ta ja na nan a karkace a gonar Mero. Ta ce kada a gyara.